Ranar da Ɗantani Ya Tashi Kare Sunan Yayansa

Ranar Talata Abednego ya fito daga gidan gem ɗinsa, ya tsaya gaban kaskona, ya karɓi awara ya riƙe bai ci ba. Daga nan na san da magana.

"Adda Mairo," ya ce, "ran Asabar zan goge Na Ɗaya."

Ni awara nake soyawa a ƙofar shagonsa a unguwar Karewa, shekara tara ke nan. A ciki akwai talabijin uku da injin gem uku, samari na zama suna harbin juna tun hantsi. Wasan da suka fi so yana da dogon suna na Turanci, amma ba mai wahalar da bakinsa. Tsohon ana ce masa Na Ɗaya, wanda ya biyo bayansa Na Biyu. A duka biyun ba ka ganin kanka, hannunka kawai kake gani riƙe da bindiga, kana tafiya kana harbi.

Ni da mijina Zakariya daga Mubi muka zo, shekarar gudun hijira. Mun yi wata biyar a sansanin Malkohi, sannan muka sami ɗaki a Jimeta, ya kama tuƙin keke napep. Idan rana ta take fasinja suka ragu, sai ya shiga wurin Abednego ya buga Na Ɗaya. A ƙarshen wasan akwai jerin sunaye goma na waɗanda suka fi maki, kuma nasa ne a sama: ZAKS. Sati uku da kafa shi ya kai fasinja kasuwa, ranar da bam ya tashi, bai dawo ba. Tun daga nan ba wanda ya sauke sunan. Duk safiyar Juma'a Abednego yakan kunna mini, in leƙa in gani, in fito in hura wuta.

"Me ya yi maka?" na ce.

"Bai yi mini komai ba. Na Biyu ne ya ƙara ƙiba, yana neman wuri a injin. Kuma shekara biyu ba wanda ya taɓa Na Ɗaya. Zan ɗauka miki hoton sunan, har gilashi zan sa masa."

"Hoto ina da shi a ɗaki," na ce. "A nan ne kawai bai sauka ba."

Sai muka ji an buga benci.

"Wa zai goge wa? Ina raye?"

Ɗantani ne, ƙanin Zakariya, uwa ɗaya uba ɗaya, ko da yake sai an rantse maka. Gyaran fanka yake yi. Duk fankar da ta shiga hannunsa takan koma gida da natsuwa, ba ta sake juyawa. Kullum yana kan bencina yana tsintar gutsattsarin awara, wai yana duba mini gishiri.

"Abed, ka san wanda ya koya wa marigayi riƙon bindiga? Ni ne. Mutumin da ya bi maharba aka ƙwato Mubi, shi za a gaya wa harbi?"

"Ranar da aka ƙwato Mubi kana layin shinkafa a Malkohi," na ce. "A bayana kake. Har ka taka mini zane."

"Matarmu, leƙen asiri nake yi."

Abednego ya ce shi ba rigima yake nema ba, amma gaskiya Na Biyu ya fi. Kana ganin gumi a fuskar soja, ruwan sama na sauka a kan bindiga, kuma mutum huɗu ke fita tare, idan ɗaya ya faɗi a ɗaga shi.

"Shi ne lalacewar!" in ji Ɗantani. "A Na Ɗaya namiji shi kaɗai yake shiga, bindiga tara a bayansa, bai taɓa cewa ya gaji ba. Na Biyu fa? Soja ya ɗan yi gudu sai haki, sai ya dafa bango. Gem ka saya ko majinyaci?"

Kafin in juya awara ta biyu sun gama yarjejeniya. Ran Asabar bayan azahar za a fito da talabijin waje, Ɗantani zai buga duka biyun a gaban jama'a, sannan a ɗaga hannu. Idan Na Ɗaya ya ci, ba za a goge ba.

Da Abednego ya shiga ciki na ce, "Ɗantani, ka bari in roƙe shi a hankali. Mutum ne mai jin roƙo."

"Roƙo na wanda bai iya ba ne. Ke dai ki tanadi awarar walima."

Ran Laraba ya rubuta sanarwa a kwali ya rataya a jikin falwaya, ya sa sunansa sau uku, na Zakariya sau ɗaya. Ran Alhamis na ce ya shiga ya ɗan gwada hannunsa, ya ce ba zai bari abokan gaba su ga sirrinsa ba. Ya zauna a bencina da sandar sabulu, yana danna ta da manyan yatsu yana kaucewa. Ran Juma'a ya aro ƙatuwar sifika wurin Apollos mai kiɗan biki, ya aro rigar maharba mai layu, ya je ya gayyato Jauro, mai unguwarmu, ya zama alƙali. Jauro ya ce yana da ɗaurin aure bayan la'asar, amma dama zai zo aski wurin Eli, wanda shagonsa ke manne da na Abednego. Zai yi alƙalancin daga kan kujera.

Asabar ta zo babu wuta, kamar kullum. Abednego ya tayar da janaretansa a bayan shago, Eli ma ya tayar da nasa bayan ya ja igiya har ya yi gumi. Aka ɗora talabijin kan tebur ƙarƙashin rumfa. Samari suka cika, masu keke suka faka, mata suka tsaya daga nesa suna cewa ba kallo suke yi ba. Peculiar, ƙanwar matar Abednego, ita ke haɗa wayoyi. Ɗaliba ce, watanta biyu da fara tsare shagon a ƙarshen mako, kuma a Na Biyu samarin layin duka tsoronta suke ji.

Ɗantani ya iso cikin rigar maharba. Rigar ta riga shi isowa, don warinta muka fara ji. Ya karɓi abin dannawar da suke ce wa fad, ya juya shi sama da ƙasa.

"Ankul, ka riƙe shi a kife," in ji Peculiar.

"Gwada ki nake yi. Da Na Biyu zan fara, in gama da ƙaramin aiki."

Ya murɗa sifikar Apollos har ƙarshe, ya danna.

Harbin Na Ɗaya kamar a buga murfin tukunya yake. Na Na Biyu kuwa, wanda ya haɗa shi ya taɓa jin na gaske. A Jimeta ba a tsayawa tambayar ƙarar mene ne, sai an isa gida ake tambaya. Kafin ƙiftawar ido layin ya zama fili. Keke biyu suka yi karo wajen juyawa. Mai lemo ya bar baronsa yana gangarawa shi kaɗai. Ni ban san lokacin da na tashi ba, na dai tsinci kaina a bayan masallaci da cokalin suya a hannu, ƙafa ɗaya ba takalmi.

Da muka dawo ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yi dariya da farko. Sai aka nemi Ɗantani aka rasa. Peculiar ta duƙa ta leƙa ƙarƙashin bencina.

"Ankul, kai ne fa ka yi harbin."

"Na sani," ya ce daga ƙasa. "Wannan shi ake kira kwanton ɓauna. Ku koya."

Jauro ya leƙo daga shagon Eli, an ɗaura masa ƙyalle a wuya.

"A cire wannan sifika kafin in sa a cire mai ita. Ɗantani, ka fito ka yi abin da ya tara mu."

Aka ci gaba da ƙaramar murya. Sojan Ɗantani ya ɗaga kai sama, ya ƙi saukewa.

"Jirgin yaƙi nake dubawa."

Sai ya sunkuyar da kai ƙasa, ya yi ta zagaye wuri ɗaya yana kallon takalminsa.

"Nakiya nake nema."

Da ƙyar ya daidaita. Mutum na farko da ya gani a gabansa ya sakar masa wuta a baya. Talabijin ya yi ja, ya rubuta wani abu.

"Me ya ce?" in ji Jauro.

"Baba, ya ce ya kashe ogansa," in ji Peculiar.

"Tun ɗazu nake lura da take-takensa," in ji Ɗantani. "Maci amana ne."

Aka sake farawa. Wannan karon suka shiga wani ƙauye, mutanen gari suna gudu da kaya a ka. Peculiar ta ce a Na Biyu idan ka harbi mai gudu an cire maka maki, Na Ɗaya kuwa babu mutanen gari sam, kowa abokin gaba ne. Na duba masu gudun da kyau. Ƙullin kayansu tsaf, kowa da takalminsa ƙafa biyu, ba mai waiwaye yana kiran sunan wani. Wanda ya haɗa wasan ya san harbi, amma bai taɓa gudu ba.

Ɗantani ya rufe ido ɗaya ya saita, ya zazzage harsashinsa kaf. Da ƙura ta lafa, akuya ɗaya ce a kwance.

"Ta wa ce?" in ji Jauro.

"Ba ta kowa ba ce, Baba."

"Babu akuyar da ba ta kowa ba. Ku dai jira."

Harsashi ya ƙare, bai san yadda ake sa wani ba. Ya danna duk abin da ke jikin fad, sojan ya zaro gurneti, ya ajiye shi a hankali tsakanin ƙafafunsa, ya tsaya yana kallo.

"Kun gani?" in ji Ɗantani, bayan ƙarar. "Wasan da soja ke kashe kansa don baƙin ciki. A kawo mini na maza."

Abednego ya sa Na Ɗaya. Samarin da ba su taɓa ganinsa ba suka fashe da dariya. Fuskokin sojojin kamar bulo, bishiyoyi kamar tsintsiya a kife. Abokan gaba suna zuwa ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi kamar masu layin awo, kuma duk wanda ya mutu sai ya bar maka akwatin magani. Ni kam ban yi dariya ba, don waƙar farkon wasan ita Zakariya ke yi da fito idan yana wanke keke.

Ɗantani ya gyara zama. "Yanzu na dawo gida."

Ya nufi ƙofar farko, ya ci karo da bango. Ya ja baya, ya sake cin karo da shi. A karo na uku ya kauce wa bangon, ya faɗa rami. Wasan ya tashe shi, ya koma ramin. Ya sake tashe shi, ya sake komawa.

"Ko ka yi ajiya a ciki ne?" in ji wani mai keke.

"Man awara ne a jikin fad! Matarmu, ke kika ja."

"Yau ko gutsure ban ba ka ba."

Jama'a na ta dariya, ni kuwa ina ƙirga hannayen da za a ɗaga, ban ga ko ɗaya ba. Da ya tsaya a nan ma da sauƙi. Sai ya miƙe, layu na kaɗawa.

"Dariya kuke yi? Ni da na saba ma ga yadda ya yi da ni. Yaran Na Biyu ko minti ɗaya ba za ku yi a nan ba. Balle a ce mace."

"Ɗantani, rufe bakinka," na ce.

Amma Peculiar ta riga ta miƙa hannu. "Ankul, kawo."

Da farko ta sha wuya. Ta laɓe a bayan bango tana jira.

"Ina sauran mutanena?"

"Babu," in ji Abednego. "Ke kaɗai ne."

"Taswira fa?"

"Babu."

"Idan na faɗi wa zai ɗaga ni?"

"Allah."

Aka kashe ta sau biyu. Ɗantani ya zagaya gaban jama'a yana tafa wa kansa. A na uku ta cire ɗankunnenta ta ajiye kan tebur, ta matso da kujera.

"Na gane," ta ce. "A wancan dabara ake so. A wannan ba a tsayawa."

Daga nan ba ta sake tsayawa ba. Ta wuce ramin Ɗantani ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ƙetare gada, ta shiga wani gidan ƙarfe, maki na hawa a gefen talabijin. Samarin da ke dariyar fuskar bulo suka yi tsit, sannan suka fara ihu. Wani ya ce ta wuce na goma. Can aka ce ta wuce na shida. Abednego ya bar wurin ya zo kusa da kaskona.

"Adda, yarinyar nan bai san sunan waye a sama ba. In tsayar da shi?"

Na juya na kalli makin yana hawa. Zakariya ko a titi ba ya son a ba shi hanya don tausayi. Awarata ta ƙone a kasko ina kallo.

Sai a lokacin Ɗantani ya gane abin da ya haɗa. Ya zo ya duƙa kusa da kunnena, warin rigar kamar zai kashe wutar.

"Matarmu, kada ki damu. Akwai shiri na biyu."

"Don Allah ka bar shi a na farko."

Ya zagaya bayan shaguna da sanɗa, irin ta maharba. Muka ji janareta ya yi tari ya mutu. Na kalli talabijin. Talabijin na nan garau, Peculiar na harbi.

Daga shagon Eli aka yi wata irin ƙara.

Jauro ya fito da ƙyalle a wuya. Gashin bakinsa, wanda ya shekara talatin yana kiwo, Eli na cikin daidaita shi ne kilifar aski ta mutu ta cije. Jauro ya zabura, Eli ya fizge. Ɓangaren dama yana nan da ƙwarjininsa. Na hagu kuwa an yi masa hanya a tsakiya, mota za ta iya wucewa.

"Wane ne?"

Ɗantani ya fito daga lungu yana goge hannu. "Ranka ya daɗe, janaretocin ne suka yi kama."

"Na Abed ja ne," in ji Eli. "Nawa shuɗi."

"A cikin yaƙi ba a duba launi. Amma kada ku damu, aikina ne. Yanzu zan tayar."

Eli ya ce kada ya taɓa. Jauro ya ce kada ya taɓa. Ya taka janaretan da ƙafa ɗaya, ya ja igiya da ƙarfinsa duka. Igiyar ta tsinke ta biyo shi, ya yi baya da gudu, ya zauna daram cikin bahon ruwan awarata. Layu biyu suka taso sama suna yawo.

A daidai nan samari suka yi ihun da ya fi na sifika.

Na taka na je gaban talabijin. Jerin ya fito. PECU a sama. ZAKS a ƙarƙashinsa.

Peculiar na dariya tana karɓar tafi, sai Abednego ya raɗa mata magana. Ta ajiye fad ta zo ta durƙusa gabana.

"Anti, wallahi ban sani ba. Ki yi haƙuri. A goge nawa."

"Tashi," na ce. "Ba sata kika yi ba."

Na zaɓo awarar da ba ta ƙone ba na ba ta.

Ba a ɗaga hannu ba, don alƙali ya tafi. Eli ya ce a kawo reza a sauke sauran gashin, Jauro ya ce sai dai a sauke Eli. Aka samo masa takunkumin zamanin korona a aljihun wani mai keke, ya rufe baki ya nufi ɗaurin aure. Kafin ya hau keke ya juyo ya nuna Ɗantani, wanda har lokacin ke cikin baho.

"Wannan, kada a sake ba shi aron komai a unguwar nan. Ko ashana."

Abednego ya fara naɗe wayoyi ba ya kallona. Na ɗauka shi ke nan, na fara kwashe itace. Sai wani saurayi ya ce, "Tsaya tukuna. Mace ce za ta zauna a samanmu?" Ya karɓi fad. Na bayansa ya ce shi ne na gaba. Kafin la'asar sakaliya layi ya kai shagon Eli, duk masu jiran Na Ɗaya. Washegari ma haka. Ran Litinin Abednego ya goge wasan tseren mota ya ba Na Biyu wurin.

Ɗantani ya dawo bencina ran Talata da rigarsa ta gyaran fanka. Ya ce dama tsarin ke nan tun farko, ramin ma da gangan ya faɗa, don ya jawo yarinyar. Na miƙa masa gutsattsari.

Wata huɗu ke nan. Mutum biyu sun ƙara wucewa, Zakariya yana na huɗu, kuma jerin goma kawai yake ɗauka. Na san lissafin, ba sai an yi mini ba. Amma ba sa wuce shi da sauƙi. Jiya wani sabon mai keke, ɗan unguwar Adarawo, ya fito daga shagon yana gumi, ya tsaya gaban kaskona yana yarfa yatsu.

"Adda, wannan Zaks ɗin mugu ne. Tun Litinin ya tare ni, ya hana ni wucewa. Kin san shi?"

"Na san shi."

"Yaushe yake zuwa? Ina so in gan shi ido da ido."

Na juya awara, na zuba masa yaji.

"Ka fara wuce shi tukuna," na ce.